Tambayi Likita: Ciwo a ƙafa, tushensa a ƙugu

Likita, gashin ƙashi da ake tura mutane a asibiti, ba tausa ba ce kawai? (Wani ɗalibi daga Katsina)

Tausa ɗan ɓangare ce. Babban aikin shi ne a binciko inda ciwo ya samo asali, sannan a koya wa majinyaci atisayen da ya dace da shi. Masu aikin sai sun yi digiri a jami'a, kamar wanda ake yi a Jami'ar Bayero.

Ni tela ne. Wata uku ke nan ciwo yana taso min daga ɗuwawu, ya bi bayan cinya har tafin ƙafa, kamar ana zuba barkono. An yi min tsaga sau biyu a sharaɓa an shafa garin magani, ina kuma shan haɗin kemis. Ina da ciwon suga. (Wani magidanci daga Kano)

Malam, tambayarka ta tayar min da hankali. Mai ciwon suga a sa masa aska a ƙafa? Don Allah kada a ƙara! Miki a ƙafar mai suga ba ya warkewa da wuri, kuma daga irin wannan ɗan yanka ne wasu suka wayi gari an yanke musu ƙafa. Ka je a duba wurin tsagar cikin makon nan.

Da wuya ma a ce laifin ƙafar ne. Ƙashin baya a jere yake kamar carbi, guda 5 na wajen ƙugu su suke ɗaukar mafi yawan nauyi, kuma tsakaninsu akwai faifai mai laushi kamar matashi. Idan faifan ya bulluƙo, sai ya danne saiwar jijiyar sayatika, wadda ta fi kowace jijiya girma a jiki, ita ce ke sauka har ƙafa. Kamar a taɓa waya a cikin gida ne, ƙwan fitila ya mutu a zaure. Ko sau goma aka canza ƙwan, ba zai kama ba.

Nan likitan gashi yake shigowa. Zai tambaye ka ko zama ne ya fi tsananta ciwon ko tsayuwa, ko tari da atishawa suna soka maka shi. Zai kwantar da kai rigingine ya ɗaga ƙafar a miƙe a hankali. Idan ciwon ya harba ƙasa da gwiwa tun ƙafar ba ta yi nisa ba, alama ce ta jijiya a danne. Zai sa ka taka a kan diddige, ka taka a kan yatsu, ya buga ɗan guduma a gwiwa da agara, ya shafa auduga ya ji inda fata ta daina ji. Wannan binciken yana da muhimmanci a gare ka, domin suga ma yana lalata jijiyoyi, sai dai nasa yakan fara daga yatsun ƙafa biyun ne tare, kamar an sa safa.

Idan faifan ne, mafi yawan mutane suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba. Kwanciya wuni guda ba ta taimakawa. Ka riƙa tashi daga kan keke duk bayan minti 30 ka ɗan taka, ka kuma riƙe atisayen da za a ba ka.

Haɗin kemis kuwa, ka ajiye shi. Sau da yawa akwai diclofenac da dexamethasone a ciki: na farko yana cin ciki yana taɓa ƙoda, na biyu yana haura da suga. Akwai sashen gashi a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Malam Aminu Kano, ka je. Idan kuma ka ji tsakanin cinyoyinka ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba ba ka sani ba, ko ka fara jan ƙafar a ƙasa, kada ka jira gari ya waye, a kai ka asibiti a daren.

Gwiwoyin mahaifiyata suna ƙara idan za ta tashi daga salla. Ta daina tafiya ne? (Wata baiwar Allah daga Zariya)

A'a, Hajiya, zama shi zai ƙara sandarar da su. A ƙarfafa naman cinya da atisaye, a rage ƙiba in akwai. In gwiwar ta kumbura ta yi zafi, a kai ta asibiti.

Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki sati biyu da suka wuce. An ce mu bari sai ya yi ƙarfi kafin gashi. (Wani matashi daga Maraɗi)

Kada ku bari. Da zarar likita ya ce jikinsa ya daidaita ake farawa, don watanni 3 zuwa 6 na farko su ne jiki ya fi farfaɗowa. Ku riƙa juya Baba duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya, kuma kada ku ɗaga shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar za ta iya gocewa. Maganin hawan jininsa kada ya yi fashi ko na kwana ɗaya. Allah Ya ba shi lafiya.