Ƙaura daga Blogger zuwa WordPress: ta ina ake farawa?

Malam, ka ce kana wallafa farashin dabbobi da riɗi na kasuwar Maigatari a Blogger, dandalin wallafa rubutu na Google, kana son komawa WordPress, wata manhajar gina shafin intanet. Idan da waya kaɗai kake aiki, sabis kuma yana wahala a garinku, ka zauna inda kake, sai dai ka sayi adireshin intanet na kanka. Blogger kyauta ne, WordPress ɗin da ake ɗorawa a sabar haya (kwamfutar da ke riƙe da shafinka a intanet) kuwa kowace shekara sai ka biya.

In ka yanke shawarar tashi, fara da adireshi. Ɗauki mai ƙarewa da .com.ng a hannun dillalin da NiRA, ƙungiyar da ke kula da adireshin .ng, ta amince da shi, don da naira ake biya. Sannan ka sauke kwafin rubuce-rubucenka ta Google Takeout, inda Google ke ba ka kwafin bayananka, ka adana shi wuri biyu kafin ka shigar a WordPress.

Inda ake tuntuɓe shi ne mahaɗa, wato adireshin kowane rubutu. Na Blogger suna ɗauke da shekara da wata, su ƙare da .html, ga shi Blogger yana gutsure dogon taken rubutu. In ba ka daidaita sababbin da tsofaffin ba, ko ka sa turawa ta 301 (mai kai wanda ya latsa tsohon mahaɗi zuwa sabon), mahaɗan da aka yaɗa a WhatsApp ba za su kai mutane ga rubutun a sabon shafin ba. Hotuna ma sukan tsaya a sabar Google, sai ka kwaso su daban. Buɗe rubutu goma ka duba ko ɗ, ƙ da ɓ sun fito daidai.

Kar ka goge tsohon shafin. Sauya adireshi kan ɗauki har awa 48, saboda haka ka yi aikin ran Asabar, ba jajiberin kasuwar Alhamis ba.