Ɗana ya shiga aikin taimakon marasa takarda a Amurka

TAMBAYA: Malam, ɗana na fari yana Bronx, a birnin New York, ya samu katin zama. Yanzu ya ce ya shiga horon ƴan sa-kai a masallacinsu, don taimakon marasa takarda kada a koro su. Ba zai jawo wa kansa ba? Sannan ɗan ƙanwata da ya shiga ta Meziko wata takwas da suka wuce, wani ya ce a aiko miliyan biyu na sefa ya gyara mishi takardu. Mu saida filinmu?
Wata uwa, Bagalam, Maradi

AMSA: Hajiya, fili dai a bar shi inda yake.

Na zauna irin wannan horon lokacin ina tuƙin tasi a can. Ranar Asabar ce, a ƙasan wani masallaci, kan kujerun roba, kuma abin da lauyar da ke horar da mu ta fara ce mana shi ne mu ba lauyoyi ba ne. A dokar Amurka, lauya ko wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta amince da shi ne kawai ke ba da shawarar wace ƙofa mutum zai ƙwanƙwasa. Ɗan sa-kai tafinta ne, mai tattara takardu, mai tuna wa mutum ranar kotu. In ɗanki ya tsaya nan, bai taimaka an rubuta ƙarya ba, ki kwantar da hankalinki. Ana buƙatar irinsa, don kotun shige da fice ba ta ba kowa lauya kyauta, masu jin Hausa da Turanci kuma ba su da yawa.

Maganar ɗan ƙanwarki ta fi damuna. Mai neman mafaka sai ya shigar da fom I-589 cikin shekara ɗaya da shigarsa ƙasar, saura mishi wata huɗu ke nan. Mafakar ma ta wanda ke tsoron tsanantawa ce saboda addini, ƙabila, siyasa da makamantansu. Talauci ba ya ciki, ko da ya kai wuya. Masu karɓar miliyoyin nan labari suke ƙagawa. Na ga wani yaro da aka rubuta mishi tarihin da ko karanta shi bai yi ba, alƙali ya tambaye shi sunan ƙauyen da aka ce an ƙone, ya yi tsuru-tsuru. In alƙali ya yanke cewa da gangan aka ƙaga, ƙofar ta rufe har abada.

Sauran hanyoyin ba nashi ba ne. DACA, shirin jinkirta korar waɗanda aka shigo da su suna yara, da Obama ya kawo a 2012, na waɗanda suka shiga kafin su kai shekara 16 ne, suke zaune tun Yunin 2007. Soke kora kuwa, wato alƙali ya bar mutum ya zauna, sai mai shekara 10 a ƙasar, da mata ko ɗa ko mahaifi ɗan ƙasa ko mai katin zama wanda korar za ta jefa cikin mawuyacin hali, kuma mutum 4,000 kawai ake ba a shekara.

Abu ɗaya da ke kada ƴan uwanmu, mai kama da wasa: sauya ɗaki. Mutum ya tashi daga Harlem ya koma wurin aboki, bai sanar da kotu cikin kwana biyar ba, sammaci ya tafi tsohon gida, a yanke kora ba ya nan.

Ke ma kina da aiki. Ki nemo takardar haihuwarsa ta asali, ki duba sunan harafi-harafi, don Mahamadou a wata takarda da Mamadou a wata na iya jawo tambayoyi. Ki ɗauki hoto mai kyau ki tura ta WhatsApp, can za a fassara ta daga Faransanci zuwa Turanci da sa hannun mai fassara. Ki ce wa ɗanki makon nan ya kai ƙanen nasa gaban lauyar da ke horar da su.