Amsa kan raba aikin jifa a ƙungiyar besbol ta yara

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka, inda ka ce an damƙa maka horar da ƙungiyar besbol ta yara 'yan shekara 13 zuwa 14 a garin da kake zaune a nan Amurka, kana da masu jifa biyu da ka amince da hannunsu, ga kuma gasar ƙarshen mako tana tafe da wasa huɗu cikin kwana biyu, shi ya sa kake tunanin kwaikwayon karɓa-karɓar mutum biyar da manyan ƙungiyoyi suke yi. Na daɗe ina taya horar da yara masu irin waɗannan shekaru, kuma shawarata ita ce kada ka fara lissafi daga wanda ya fi iya jifa. Ka fara daga kwanakin hutu, sannan ka ga hannu nawa lissafin ya ce kana buƙata. Za ka tarar biyu ba su isa ba, biyar ɗin ma da ƙyar.

Adadin biyar ɗin nan jadawalin wasanni ne ya haife shi. A MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, kowace ƙungiya tana buga wasa 162 cikin kusan wata shida, kusan kullum ana fili, don haka idan mutum biyar suna karɓa-karɓa, kowa zai sami hutun kwana huɗu kafin layi ya sake zagayowa kansa. Har zuwa shekarun 1970 ƙungiyoyi da yawa da mutum huɗu suke aiki, a Japan kuwa, inda ake buga wasa 143 kuma galibi ake hutawa ranar Litinin, mutum shida ake jerawa, kowa ya fito sau ɗaya a mako. Naka jadawalin bai yi kama da ko ɗaya daga cikinsu ba, domin wasanninka a cunkushe suke a Asabar da Lahadi, sannan a yi kwana biyar ba a buga komai ba.

Abin da ya dace da kai shi ne ƙa'idojin ƙayyade jifan yara da ake kira Pitch Smart, waɗanda MLB da hukumar besbol ta Amurka suka fitar a 2014. Ga ɗan shekara 13 zuwa 14, iyakarsa a yini jifa 95. Idan bai wuce 20 ba, yana iya sake fitowa washegari. Daga 21 zuwa 35 hutun kwana ɗaya. Daga 36 zuwa 50 kwana biyu. Daga 51 zuwa 65 kwana uku. Daga 66 zuwa sama kuwa kwana huɗu. Kada ya yi jifa a wasa biyu a rana guda, kada kuma ya yi kwana uku a jere komai ƙanƙantar adadin. To, ka ɗauki alƙalami. A abin da na saba gani, yaro a wannan mataki yana cinye jifa 15 zuwa 20 a kowane zango, wato zagaye ɗaya da kowace ƙungiya take samun damar bugu, wasa kuwa zango bakwai ne idan agogon gasar bai katse shi ba, ka ga wasa huɗu suna iya cin jifa kusan 500. Gwanayenka biyu, ko ka kai kowannensu ƙarshen iyakarsa, 190 kawai za su ba ka, kuma duk wanda ya haura 20 ranar Asabar ya gama aikinsa na wannan mako. Sauran 300 ɗin daga ina za su fito? Daga yaran da ba ka taɓa kallo a matsayin masu jifa ba.

Wannan shi ne aikin da ke gabanka kafin gasar, kuma ya fi tsara sunaye a takarda wahala. Ka nemi yara bakwai ko takwas da za su iya saka ƙwallo a inda ake so, ko da ba ta da gudu, ka riƙa ba kowannensu ɗan lokaci a tudun jifa a ranakun atisaye. Yaron da yake jifa a hankali amma daidai ya fi mini mai ƙarfin hannu da ƙwallonsa take kauce wa hanya, domin na biyun yana iya ƙona jifa 35 a zango ɗaya. Daga nan sai ka raba wasannin Asabar tsakanin yara uku-uku, kowa zango biyu ko uku, ka ajiye gwanayen don Lahadi. Raba wasa tsakanin hannuwa da yawa ba alamar rauni ba ce. Ƙungiyar Tampa Bay ta yi suna da irin wannan dabara a 2018, lokacin da ta riƙa buɗe wasa da ɗan ɗauki, wato mai jifan da aka saba sakawa daga baya ya karɓi wani. Akwai masu horarwa da suke fito da gwaninsu ranar Asabar ya yi jifa 20 cif don ya rufe wasa, gobe kuma ya sake fitowa. Ƙa'ida ta yarda, amma ni ba na so, saboda jifan ɗumama hannu da ya yi kafin ya shiga ba ya cikin lissafi, alhali gwiwar hannunsa ta san da shi.

Ka kuma kula da mai cafe ƙwallo a bayan mai bugu, domin duk jifan da aka yi masa sai ya mayar, a tsugune kuma. Shi ya sa a gasar yara ta Little League wanda ya yi jifa 41 ko fiye ba ya komawa cafewa a wannan rana. Idan mai cafewarka yana cikin waɗanda kake shirin ba jifa, ka nemi wani.

Lamba kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da ido. Jifa 60 da aka yi a zango huɗu cikin natsuwa ba daidai yake da 60 da aka yi a zango biyu ana gumi, abokan hamayya sun cika sansanonin da masu bugu suke tsayawa a kai ba. Idan ka ga gwiwar hannun yaro ta fara sauka ƙasa, ko ƙwallonsa tana tashi sama, ko yana jan lokaci tsakanin jifa da jifa yana karkaɗa hannu, ka cire shi ko da bai kai rabin iyakarsa ba. Kada ka tambaye shi ko ya gaji a gaban abokansa, domin babu ɗan shekara 13 da zai amsa. Abin da ya fi ɓuya kuma shi ne jifan da ake yi a bayan idonka: yaro yana ƙungiyar makaranta, yana da mai koyarwa na kuɗi, mahaifinsa kuma yana kama masa ƙwallo a bayan gida. Ka tambayi iyaye kowace Juma'a abin da ɗansu ya jefa a makon, ka rubuta. Ƙa'idojin sun ce kada ya wuce zango 100 a wata goma sha biyu, kuma ya huta daga jifa na aƙalla wata huɗu a shekara.

Manya ma sun sha fama da wannan. A 1980, a ƙarƙashin mai horarwa Billy Martin, masu jifan ƙungiyar Oakland sun kammala wasa 94 daga farko har ƙarshe ba tare da an canje su ba, Rick Langford shi kaɗai ya yi 28, kuma cikin 'yan shekaru ciwon hannu ya durƙusar da yawancinsu. Tiyatar sauya jijiyar gwiwar hannu da Dakta Frank Jobe ya fara yi wa mai jifa Tommy John a 1974 yanzu har 'yan sakandare ake yi wa, jinyarta kuwa takan haura shekara. A 2012 ƙungiyar Washington ta dakatar da gwaninta Stephen Strasburg daga jifa don kare hannunsa a watan Satumba bayan zango 159 da 'yan kai, alhali tana kan gaba, aka kuma fitar da ita a matakin farko na wasannin kofi, mutane suka yi ta zagi. A 2019 shi ne gwarzon wasannin ƙarshe na cin kofi da ƙungiyar ta lashe, amma duk da haka rauni ne ya kawo ƙarshen wasansa. Saboda haka ba zan ce maka ƙidaya tana hana ciwo ba. Tana dai rage haɗarin da ke hannunka, kuma a wurin yaron da ƙashinsa bai gama girma ba wannan ragin ba ƙarami ba ne.

Kafin ranar gasar ka tara iyaye ka karanta musu lambobin nan, domin mahaifin da ya ji su ranar Laraba ba zai tare ka da faɗa ranar Lahadi ba. Ka ba ɗaya daga cikinsu littafin ƙidaya, ya riƙa sanar da kai a ƙarshen kowane zango. A wasan ƙarshe kuma, da zarar gwaninka ya kai jifa 70, ka tura wanda zai gaje shi ya fara ɗumama hannu, don kada iyakar ta same ka a tsakiyar zango ba ka da wanda ya shirya. Allah ya ba da sa'a.