Su Aliens da mu 'yan zangon Ankara

Ƙanina salamu alaikum, ya Kano ya su Hajiya. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, ban amsa ba ne don abin ba na layi biyu ba ne, ya taɓa gidanmu. Ka ce ka ci karo da kiɗan wasu samarin Ghana na da a YouTube, Psychedelic Aliens, kana tambaya wai Hausawan zango ne, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi Musulmi a Ghana, kuma wai iyayenmu na nan sun yarda yaransu su saurari wannan abu mai kama da kukan injin markaɗe. Toh ba Hausawa ba ne, amma sunansu ɗin nan da ka gani, mu a Nima, unguwarmu ta zango, ba mu taɓa jin sa a matsayin sunan makaɗa kawai ba.

Samarin Ankara ne, wato Accra, mu haka muke kiran garin tun kakanni. Sun haɗu wajen 1968, wani lokaci ana ce musu Magic Aliens, kuma cikinsu akwai masu jinin baƙi irin 'yan Labanan da aka haifa a nan. Kiɗansu na Amurka ne a asali, rok irin na su Jimi Hendrix da ake murɗa jita har ta riƙa kuka tana karkarwa, ga ogan, abin kiɗa mai kama da piyano, yana bi a baya, amma gangar ta gida ce, kuma suna waƙa da Turanci da yaren Ga na mutanen Ankara. Abin da suka bari duka bai wuce waƙa 8 ba, faifai ɗaya mai waƙa 4 a 1970 sai ƙanana guda 2 a 1971, ba a jima ba suka watse kowa ya kama gabansa. Shekaru kusan 40 babu mai zancensu sai da wani Bajamushe mai farautar tsofaffin fayafayi, Frank Gossner, ya tono su aka sake bugawa a 2010 da sunan Psycho African Beat, shi ne ma ya sa yau kai a Kano ka same su a waya.

Yanzu ga inda muka shigo. A Nuwamba 1969 gwamnatin firaminista Busia ta fitar da doka, Aliens Compliance Order, cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama an ba shi sati 2 ya nemo ko ya bar ƙasar. Su waye baƙin? Yarabawa 'yan kasuwa, Zabarmawa, Mosawa, da mu Hausawa, har da mutanen da kakanninsu suka zo fataucin goro ta hanyar Gwanja da Salaga tun kafin a san wata ƙasa Ghana. Kakanmu Alhaji, wan kakanka, ya fi shekara 30 a nan a lokacin, bai taɓa riƙe wata takarda ba sai ta Alƙur'ani. Innata takan ba mu labarin yadda maƙwabta suka riƙa saida gado da keken ɗinki da tukwane a wulaƙance, manyan motoci cike da mutane da ƙullin kaya sun nufi Aflao, iyakar Ghana da Togo, mata na kuka ana rabuwa da kishiyoyi da aminai. Alhaji ya yi ta zirga-zirga har Allah ya sa ya samu takarda, ya zauna, amma daga ranar kalmar eliyan, wato alien, baƙo, ta zama zagi a bakin titi, yaro ɗan Nima da aka yanke wa cibiya a Nima sai a kalle shi a ce ina garinku. Ku a can kun fi sanin ta 1983 da aka kori 'yan Ghana daga Najeriya lokacin Shagari, har jakar nan ta samu sunan Ghana must go, mu ta 1969 ce ciwonmu.

To ka yi tunanin saurayi ɗan shekara 19 a wannan hali, kamar kawuna, ya ga wasu samari sun rubuta Aliens ɓaro-ɓaro a jikin ganga suna hawa dandali da shi ana musu tafi. Kawu ya ce min shi bai damu da ko me suke nufi da sunan ba, shi dai ya ji kamar an ɗauke masa wani abu daga ƙirji. Ya tara kuɗin ɗinki ya sayi ƙaramin faifansu, kuma tunda gidan Alhaji ba a shiga da irin wannan, sai ya naɗe shi cikin tsohon zanen Inna ya tura ƙasan adaka, ranar da maigidansa tela ya tafi Juma'a da wuri sai su rufe ƙofar shago rabi su ɗora a garmaho su rage murya. Na ga faifan nan da idona ina yaro, gefensa ya ɗan lanƙwashe saboda zafi, takardar tsakiya duk man kaɗanya.

Ka tambaya ko an yarda. Gaskiya ba a yarda ba, kuma ba a hana kwata-kwata ba, haka zango yake. Yaro da safe yana makarantar boko yana Turanci, da yamma yana makarantar allo gaban malam, a kasuwa yana jin yaren Tuwi da Ga, da dare ya lallaɓa sinimar Dunia kallon Indiya. Dattawa abin da suke tsoro ba jitar ba ce, wurin da ake kaɗa ta ne, kulob da giya da wiwi da kwanan waje, shi ya sa ɗan zango zai iya sanin waƙa daga farko har ƙarshe amma ba zai yarda a gan shi a ƙofar kulob ba, don kafin ya dawo gida labari ya riga shi zuwa wajen liman. A bikin aure kuwa kalangu da gangunanmu ake kaɗawa, wannan ba a taɓa shi.

Rana ɗaya kawu ya karya wannan doka, 6 ga Maris 1971, ranar bikin 'yancin kai, da aka yi wasan Soul to Soul a Black Star Square. Mawaƙan Amurka suka zo, Wilson Pickett, Ike da Tina Turner, Santana, Roberta Flack, kuma cikin 'yan gida da suka hau har da Aliens ɗin. Kwana aka yi ana kiɗa har gari ya waye. Kawu ya dawo Nima a ƙafa rana ta fito, ya tarar da Alhaji a tabarma bakin zaure yana jan carbi, bai ɗaga kai ba, abin da ya ce kawai shi ne ka yi asuba? Kawu ya ce a'a. Ya ce buta na can. Kwana 3 bai ƙara masa magana ba, kuma kawu har ya tsufa yana cewa ya gwammace a ce duka aka yi masa.

Bayan nan abubuwa suka lalace wa makaɗa baki ɗaya, juyin mulki a kai a kai, tsadar kayan kiɗa, ga dokar hana fitar dare ta zamanin mulkin soja na Rawlings daga 1982 da ta kashe wuraren wasa, da yawa suka koma kiɗan coci ko suka bar ƙasar. Da aka zo zamanin hiplife, kiɗan rap irin na Ghana, 'yan zango suka hau dandali da kansu, irin ƙungiyar VIP 'yan Nima da suke sa Hausa a waƙa, Hausarmu ta nan da kuke mana dariya wai muna ce wa mace ya zo. Ku yi ta dariya, da ita aka yi mana huɗuba, kuma ita ta ba Ghana kalmar waakye da koko da tuo zaafi.

Shekarar da kawu zai rasu, Allah ya jiƙansa, idonsa ya riga ya tafi, na sa masa waƙoƙin a waya na kanga masa a kunne. Ya yi shiru har aka zo inda ogan ke shigowa, sai ya kama hannuna ya ce mayar baya kaɗan, nan ne maigida ya taɓa shigo mana shago. Faifan yana wajen 'yarsa a unguwar Mamobi, in Allah ya kawo ka Ankara da babbar sallah sai mu je ka gani.