Me ya haɗa ƙona daji da ɗaukewar wutar lantarki da hunturu?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni mai injin niƙa ne a wani ƙauye kusa da Jega, jihar Kebbi. Da damina idan aka ɗauke wuta mun san hadari ne. Amma yanzu da hunturu babu ko ɗigon ruwa, sai wuta ta tafi ta dawo, wani lokaci mu kwana biyu a duhu. An ce mana wai daji aka ƙona. Ciyawa tana ƙasa, waya tana sama, ina haɗinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa albarka a sana'a. Haɗi kam akwai shi, kuma ba sai harshen wuta ya taɓa waya ba.

Ɗaga kai ka dubi manyan wayoyin da suka ratso daji. Tsirara suke, babu robar da ke jikin wayar cikin gida. Abin da ke hana lantarki tsallakawa daga wata waya zuwa 'yar'uwarta, ko zuwa ƙasa, iskar da ke tsakani ce kawai. Iska mai tsabta ba ta ba lantarki hanya. To amma da zarar gamba ta kama da wuta a ƙarƙashin layi, zafi da baƙin hayaƙi da toka sukan mayar da wannan iska gada. Sai tartsatsi ya yi tsalle, na'urar kariya da ke tasha ta ji, ta katse layin kafin ƙiftawar ido. Idan hayaƙin ya wuce aka sake haɗawa, wuta ta dawo. Tafi-ka-dawon da kake gani ke nan, kuma katsewar alheri ce, domin ba don ita ba da taransfoma da injinka ne za su ji jiki.

Kwana biyun kuma yawanci falwayar katako ce. Wuta takan ci gindinta a hankali, ta tsaya kamar lafiya lau, sai iska ta taso ta kifar da ita, ta ja maƙwabtanta. Zafi ma kan sa waya ta saki ta yi ƙasa, ko ta tsinke. Kafin a gyara sai ma'aikata sun bi layin turke bayan turke sun gano wurin, wani lokaci a dajin da mota ba ta shiga.

Akwai kuma ƙurar hazo. Daga Nuwamba zuwa Maris tana taruwa a jikin tangaran ɗin da ke riƙe waya. Raɓa ko yayyafin farko na sauka sai ta zama laka, lantarki ya bi ta kanta.

Kada ka ɗauka sai gobarar ta tashi a ƙauyenku. Wutar da Kebbi ke sha tana zuwa ne ta babban layin TCN, kamfanin da ke jigilar lantarki a faɗin ƙasa, mai ƙarfin kilobolt 330 daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, daga can kamfanin Kaduna Electric ke rarraba ta a layuka masu kilobolt 33 da 11. Ƙauyuka da yawa kan rataya a layi ɗaya, don haka ashanar da aka ƙyasta a wata ƙaramar hukuma tana iya tsayar da niƙa a wata.

A wasu ƙasashe waya ce ke fara cinna wa daji wuta. A watan Nuwamba na 2018, layin kamfanin lantarki na PG&E ya haddasa gobarar da ta cinye garin Paradise a jihar Kalifoniya ta Amurka, mutum 85 suka mutu. Shi ya sa a can, idan masana yanayi suka hango iska mai ƙarfi ga fari ya busar da komai, kamfani da kansa yake ɗauke wuta tun gobara ba ta tashi ba. A Oktoban 2019 gidaje da shaguna dubu ɗaruruwa aka katse wa. A nan ma waya na iya cinna gobara idan iska ta haɗa wayoyin da suka saki, tartsatsi ya zuba kan busasshiyar ciyawa. Amma a ganina, a wajenmu hannun mutum ne ya fi yawa: mai sharar gona, yara masu farautar gafiya, da mai ƙona tsohuwar ciyawa don sabuwa ta tsiro wa dabbobi. Babu wanda ya yi niyyar jefa gari cikin duhu, kuma wannan ne ke yi mini ciwo, domin ɓarna ce da fartanya za ta iya hanawa.

Ƙa'ida ta ware fili a ƙarƙashin kowane layi: faɗin mita 50 ga mai kilobolt 330, mita 30 ga mai 132, mita 11 ga ƙananan. Ku kai maganar gaban mai gari da limamai tun ana girbi, a nome ciyawar da ke kewaye da kowace falwaya, a daina tara kara da harawa a gindinta. Wanda ya zama dole ya ƙona gona ya yi da sassafe kafin iska ta tashi, ya tsaya har wutar ta mutu.

Kai kuma Malam, da ka ga wuta ta fara rawa, kashe injin, domin tana iya dawowa babu layi ɗaya cikin ukun da ke shiga injin, ta ƙona maka motar injin. Idan ka ga waya a ƙasa, ɗauka da wuta a jikinta: kore yara da dabbobi nesa, kada a watsa ruwa a wurin, a kira ofishin lantarki mafi kusa.