Amsa ga 'yar'uwar da ke tsoron shiga soshiyal midiya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kina ɗinki a Tudun Wada, kina so ki riƙa nuna aikinki a Facebook da WhatsApp, amma tsoron zagi da 'yan damfara ya hana ki. Wallahi na fahimce ki, ni ma na daɗe da waya a hannu ban saka komai ba.

Hankalina ya kwanta ne da na gane ba dole sai fuskata ta fito ba. Atamfar da na sayo a Kasuwar Barci na ɗinka, na shimfiɗa ta kan farin zani kusa da taga da hantsi, na ɗauki hoto na sa a status ɗin WhatsApp. Ni na zaɓi masu gani, bayan awa 24 kuma ya ɓace da kansa. Washegari wata maƙwabciya ta aiko da yadi.

Batun damfara kuwa, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, wato ƙarin lambar sirri da za ki zaɓa da kanki don kare asusunki. Duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa lambobi 6 da aka turo miki, ko da sunan tallafi ne, ki katse kiran, da su ake sace asusu. Mai zagi kuma ki toshe shi, kada ki tanka.

A YouTube na koyi yanka hannun riga mai tattara. Ki ware rabin awa bayan isha'i ki kalli abu ɗaya, da safe ki gwada shi a kan keke.