Kafin Ka Kama Shagon Ɗinkinka

Ka tambaye ni cewa, "Maigida, in an yaye ni bayan Babbar Sallah, wane keke zan fara saya, kuma yaya zan yi shagon ya ɗore?" To Sani, maganar keke mai sauƙi ce. Keke na ƙafa irin Butterfly, ko da wanda aka yi amfani da shi ne in dai kansa lafiya lau, da almakashi mai kyau da ba a yanka takarda da shi, da tef, da alli, da teburin yanka, da dutsen guga na gawayi. Sun ishe ka farawa. Wibin (ɗaure bakin yadi don kada ya zare) da aikin adon wuyan riga ka riƙa kai wa masu injin kana biya, har sai aikin da kake kaiwa ya isa ya sayi injin da kansa. Kada ka ci bashi don janareta a shekarar farko. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, fetur ya zama abokin tarayya mai cin riba ba ya ɗinki.

Abin da ke rufe shagunan sababbin teloli shi ne ɗaukar duk kuɗin da ya shigo aljihu a matsayin nasu. A ce ka karɓi naira 10,000 kan riga da wando. Zare, maɓalli, gam na wuya da shafin aljihu sun ci 1,500. Mai aikin wuya ya karɓi 2,000. Gawayi da wuta 1,000. In hayar shago 156,000 ce a shekara, wata ɗaya 13,000 ke nan, kowace ranar aiki 500. In kaya biyu kake gamawa a rana, kowanne ya ɗauki 250. Ka ƙara 250 na man keke, allura da ranar da za a kira mai gyara. Rabi ya tafi tun ba ka sha ko ruwan leda ba. A cikin 5,000 da ta rage za ka yanka wa kanka albashi tsayayye na cefane, sauran kuma na shago ne, ba naka ba. Kuɗin haya ka zuba shi adashi ko wani asusu daban kullum, don mai shago ba ya jin "kasuwa ce ba daɗi".

Haka ma kafin alƙalami. Wannan amana ce har sai kayan sun bar hannunka. Wanda ya cinye na Musa zai sayi zaren Musa da kuɗin Isa, daga nan ya shiga ramin da sai ya riƙa karɓar aikin da ba zai iya gamawa ba don ya toshe na baya.

Nan ne watan azumi, lokacin rububin ɗinkin Sallah, ke kama mutum. Ka san adadin da hannunka ke iyawa. Kaya biyu a rana, kwana 26, ya ba ka 52. Cire kwana uku na gyare-gyare da ranar da keke zai ƙi, kada ka wuce 45. Da littafinka ya cika, ka rufe karɓa, ko wane ne ya zo. Wanda ka ce wa "ba zan samu dama ba" zai yi fushi ya dawo bayan Sallah. Wanda ka sa ya je Idi da tsohuwar riga ba zai dawo ba, kuma sai duk majalisarsu ta ji. Sannan kuɗin Sallah ba na sayen babur ba ne. Bayan Babbar Sallah aiki kan yi sanyi, shi ya sa ba na son lokacin da ka zaɓa, sai dai in za ka nemi ɗinkin kayan makaranta tun watan Agusta ya riƙe ka.

Littafin awo kuwa, ka rubuta suna, lamba, awo, yadi nawa aka kawo, nawa aka biya, ranar karɓa, sannan ka yanki ɗan ƙyalle ka manna a shafin. Farar shadda goma a shago duk kamarsu ɗaya. Ka auna yadin a gaban mai shi: babba yakan ci yadi huɗu a riga da wando, cikakkiyar babbar riga da 'yar ciki da wando wajen goma, turmin atamfa shida ne amma wani yakan zo da ragi. In bai kai ba ka faɗa kafin almakashi ya taɓa. Shadda kuma a goge ta da ƙyalle a kai, domin garwashi ɗaya ya faɗo, ribar mako biyu ta tafi Kantin Kwari biyan diyya.

'Yan'uwa da abokai za su fara cika maka shago, kuma su ne masu "zan turo maka anjima". Ka yi musu ragi in kana so, amma kuɗin kayan aiki su biya shi tun ranar da suka kawo, sauran kuma ranar karɓa, kafin ka miƙa leda.